Dokar matatar mai a Factorio: in ɗaya ya cika, duka sun tsaya

Matatar mai a wasan Factorio ba ta zubar da komai. Mai iri uku take fitarwa, kuma da zarar ɗaya ya rasa inda zai shiga, sai ta daina aiki ɗungurungum, ko da kana matuƙar buƙatar sauran biyun. Dokar ke nan, kuma a ganina babu wadda ta kai ta kayar da sabon ɗan wasa.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Wube Software na ƙasar Cek ne ya yi shi, cikakkensa ya fito a watan Agustan 2020. Kai injiniya ne da ya faɗa wata duniya, kana haƙo baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da kwal, kana gina injinan da za su ƙera wasu injinan, har ka kai ga harba roka. Kafin a zo kan mai, kusan kowane inji abu ɗaya yake fitarwa. In bel ɗin da ke kwashe kayan ya cika, injin ya jira, ba wanda ya cutu.

Matakin farko na tace mai ma ba ya da wahala. Ka ba matata ɗanyen mai 100, bayan daƙiƙa 5 ta ba ka gas 45, shi ke nan. Da gas ɗin ake yin roba da farar wuta, waɗanda sai da su ake haɗa shuɗiyar kwalbar bincike, ɗaya daga kwalaben da ake buɗe sababbin fasahohi da su. Da can ba haka abin yake ba. Kafin tsakiyar 2019 matakin farkon ma mai uku yake fitarwa, sai kamfanin wasan ya sauƙaƙa shi saboda yadda sababbi ke maƙalewa a wurin, tsofaffin 'yan wasa kuwa suka yi ta gunaguni.

Rigimar tana mataki na biyu. Ɗanyen mai 100 da ruwa 50 su shiga, bayan daƙiƙa 5 a fitar da mai kauri 25, tsinkakke 45, gas 55, kowanne ta bakin bututunsa. Kamar injin casar shinkafa ne a Wurno ko Goronyo: shinkafa ka zo nema, amma in ba a kwashe ɓuntu ba, aikin tsayawa zai yi. A wani shago a Mabera inda samari ke taruwa cajin laftof na ji wani yaro yana ce wa wansa, "Yaya, mi ya samu wagga matata? Ga wuta, ga ɗanyen mai, ta ƙi motsi." Wan bai ko ɗago kai sosai ba, ya ce ya danna kanta ya duba. Gurbin mai kauri ya cika maƙil, gurbin gas fayau, layin roba ya bushe, bincike ya tsaya cik.

Abin da kowa ke fara yi shi ne dasa tanki. Tanki ɗaya yana cin 25,000. Matata ɗaya tana fitar da mai kauri 5 a kowace daƙiƙa, wato tankin zai cika cikin daƙiƙa 5,000, awa ɗaya da 'yan mintuna ashirin. In matatu biyar ne, ko minti 17 ba zai kai ba. Akwai maɓallin da ake dannawa a zubar da abin da ke cikin tanki, amma wanda ya zo gina masana'anta mai tafiyar da kanta bai kamata ya koma ɗan kwasar mai da hannu ba. Haɗa bututan wuri ɗaya ma ba mafita ba ce, don wasan ba ya yarda ka dasa bututun da zai gauraya mai iri biyu.

Mafitar da dokar ta tanada ita ce fasa mai a injin sinadarai. Mai kauri 40 da ruwa 30 suna komawa tsinkakke 30. Tsinkakke 30 da ruwa 30 suna komawa gas 20. Kowanne daƙiƙa 2 yake ci. Hanyar ƙasa kawai take yi, gas ba ya komawa mai kauri. In ka fasa komai, ɗanyen mai 100 zai ba ka gas 97.5 maimakon 45, ninki biyu da ɗoriya daga rijiya guda. Lissafin da aka saba da shi shi ne matatu 8, injin fasa mai kauri 2, na tsinkakke 7.

Sai dai a nan ne masu zalama ke faɗawa rami na biyu. Daga mai kauri kaɗai ake samun giris, 10 ya ba da 10, kuma sai da giris ake ƙera injin lantarki na mutum-mutumi masu tashi da shuɗin bel mai gudu. In ka bar injin fasawa yana shanye mai kauri ba ƙaidi, ranar da ka nemi giris babu. Shi ya sa ake sa famfo tsakanin tanki da injin fasawa, a ɗaure su da jar waya ko koriya, a gindaya wa famfon sharaɗi: kada ka tashi sai mai kauri ya haura 20,000. Haka za a yi wa tsinkakke. Rara kawai za a riƙa fasawa, abin da ke ƙasa da wannan na giris ne.

Dokar kuma tana iya cizo ta ɗaya gefen. In layin roba ya ƙoshi, gas ya cika tanki, matata za ta tsaya, mai kauri ya yanke, giris ya ƙare, alhali tankunanka na gas a cike suke. Maganinsa a buɗe wa gas hanyar fita: a mai da rararsa dunƙulen makamashi, 20 ya ba da ɗaya, a tura wa tukunyar tururi ko jirgin ƙasa ya ƙone. Asara ce idan aka kwatanta da tsinkakke, wanda 10 kacal ke ba da dunƙule ɗaya, don haka shi ma a sa masa famfo da sharaɗi, kada ya tashi sai tankin gas ya kusa cika.