Ƙin karɓar addu'a saboda bautar gumaka a Isra'ila ta dā

Ƙin karɓar addu'a hukunci ne da ya bayyana sau da dama a Tsohon Alkawari, inda Ubangiji yake juya wa Isra'ilawa baya idan sun yi kuka gare shi alhali suna bauta wa waɗansu alloli. Galibi mutanen ba su daina zuwa Haikali ba. Haɗawa suka yi: su miƙa hadaya ga Yahweh, wato Ubangijin Isra'ila, su kuma ƙona wa Ba'al, gunkin Kan'aniyawa, turare a kan tuddai da rufin gidaje.

Misali na farko mai ƙarfi yana cikin Littafin Mahukunta, sura 10. Da Ammonawa suka matsa musu, suka nemi taimako, sai aka amsa musu cewa su je su roƙi allolin da suka zaɓa. Sai da suka kawar da gumakan kafin ceto ya zo ta hannun Yefta.

A zamanin Annabi Irmiya, cikin shekarun ƙarshe na mulkin Yahuza, lamarin ya fi tsanani. Sarki Manassa, wanda ya yi shekara 55 yana sarauta, ya riga ya kafa siffar Ashera, allahiyar Kan'aniyawa, a cikin Haikali, kuma gyaran da Sarki Yosiya ya yi wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu bai daɗe ba bayan rasuwar Yosiya. Sau uku, a surori 7, 11 da 14 na Littafin Irmiya, aka hana Irmiya yi wa jama'arsa addu'a. Wannan ya fi kowane hukunci nauyi, domin roƙo a madadin jama'a na cikin ainihin aikin annabi. Da shi ne Musa ya tsayar da fushin Ubangiji bayan ɗan maraƙin zinariya. Amma sura 15 ta ce ko Musa da Sama'ila ne suka tsaya roƙo, ba za a saurara ba. Dalilin da aka nuna wa Irmiya a titunan Urushalima, a sura 7, yana da sosa rai, don aikin gida ne na yau da kullum: yara na tattaro itace, iyaye maza na hura wuta, mata na kwaɓa ƙullu su toya wa allahiyar da ake kira Sarauniyar Sama waina. Gida guda, babu wanda bai sa hannu ba.

Annabi Ezekiyel, wanda aka kwashe zuwa Babila a 597, ya ga irin wannan cikin wahayi a sura 8 ta littafinsa: dattawa 70 suna ƙona turare gaban zane-zanen bango, mata na makokin Tammuz, wani gunkin Babilawa, a ƙofar arewa, maza kusan 25 sun ba Haikali baya suna sujada ga rana. Surar ta rufe da cewa ko sun ɗaga murya da ƙarfi, ba za a ji su ba.

Binciken tono ya tabbatar da wannan haɗe-haɗen. An samu ɗaruruwan ƙananan siffofin mata na yumɓu a gidajen Yahuza, kuma rubuce-rubucen Kuntillet Ajrud da ke Sina'i suna ambaton Yahweh tare da Asherarsa.

Sojojin Nebukadnezzar, sarkin Babila, sun ƙone Haikali a 587 ko 586. Tun kafin haka Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila wasiƙa, a sura 29, cewa bayan shekara 70 za su kira a amsa musu. Waɗanda suka gudu Masar kuwa, a sura 44, sun faɗa masa ido da ido cewa tun da suka daina yi wa Sarauniyar Sama turare ne yunwa da takobi suka auka musu, don haka za su ci gaba.