Waiwaye: Fatehsinghrao Gaekwad, Sarkin Baroda da ya gaji rawani babu ƙasa

Lokacin da Indiya ta samu 'yancin kai a 1947, akwai masarautu fiye da 500 da Turawan Ingila suka bari a hannun sarakunansu. Sarakunan suka miƙa ƙasashen ga sabuwar gwamnati, ita kuma ta yi alkawarin bar musu laƙabinsu da fadojinsu, tare da kuɗin da za a riƙa biyansu duk shekara. Baroda na cikin manyan masarautu biyar da ake harba wa sarkinsu igwa sau 21, kuma a 1949 aka haɗe ta da jihar Bombay.

Sarkin lokacin, Pratap Singh Gaekwad, ya yi ƙaurin suna wajen facaka da dukiya a Turai da sayen dawakin sukuwa. A 1943 ya ƙara aure, ya auri Sita Devi, alhali dokar da kakansa Sayajirao ya kafa ta hana yin mata biyu. Gwamnati ta tuɓe shi a 1951, rawani ya koma kan ɗansa Fatehsinghrao yana ɗan shekara 21. Ga fadar Lakshmi Vilas, ga suna, amma mulki ya riga ya tafi.

Shi dai bai zauna jiran gaisuwar fadawa ba. A 1957 ya tsaya takara a jam'iyyar Congress, ya ci kujerar Baroda a majalisar wakilai, ya sake ci a 1962. Daga 1967 ya riƙe ministan lafiya a jihar Gujarat. Hakan ya yi masa rana, domin a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta yi wa kundin tsarin mulki gyara na 26, ta soke kuɗin sarakuna da laƙabinsu baki ɗaya. Waɗanda suka dogara da kuɗin nan sun ji jiki, wasu har suka mayar da fadojinsu otal. Shi kuwa a wannan shekarar ma yana majalisar tarayya, kuma ya sake cin kujerar a 1977.

A wasan kurket, wanda ake buga ƙwallo da sanda, ya buga wa Baroda, amma gaskiya ba a filin wasa ya yi suna ba. Makinsa mafi yawa 99 ne, saura ɗaya ya cika ɗarin da kowane mai riƙe sanda ke buri. Shugabanci ne ya karɓe shi: ya zama manajan tawagar Indiya da ta je Ingila a 1959, inda aka lallasa su a duka wasanni biyar, sannan ya shugabanci hukumar kurket ta ƙasar daga 1963 zuwa 1966. Da aka dawo da wasa tsakanin Indiya da Pakistan a 1978, bayan shekara da shekaru na gaba da yaƙe-yaƙe biyu, shi aka ɗora wa kula da tawagar, aikin da ya fi kama da jakadanci.

Farauta gadon gidansu ce, shi ma ya harbi namun daji da ƙuruciyarsa. Daga baya ya ajiye bindiga, ya shiga cikin waɗanda suka kafa reshen Indiya na asusun kare namun daji na duniya, WWF, a 1969, daidai lokacin da damisar ƙasar ke neman ƙarewa.

Ya rasu a Bombay ranar 1 ga Satumban 1988 yana da shekara 58, bai bar ɗa ba. Ƙannensa biyu, Ranjitsinh da Sangramsinh, suka shiga shari'ar gado, kuma sai a 2013 iyalan suka sasanta, bayan shi kansa Ranjitsinh ya rasu.