Bayan Wankan Jego, Wa Ke Duba Zuciyar Maijego?

A ƙasar Hausa ba a wasa da jikin macen da ta haihu. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, naman ƙauri, ga tsohuwa a kanta har ta yi arba'in. Mu da ke aiki a asibitocin sha-ka-tafi muna ganin amfanin wannan kulawa. Sai dai duk hidimar a kan jiki take tsayawa. Da wuya ka ji an zaunar da maijego an tambaye ta abin da ke ranta, alhali akwai ciwon da daga can yake kama ta.

Mata da yawa sukan shiga wani yanayi kwana 3 zuwa 5 da haihuwa: kuka ba dalili, saurin fushi, fargaba. Sauyin sinadaran jiki ne da gajiya, kuma yakan wuce da kansa cikin mako 2. Wanda ya zarce haka, ko ya taso bayan wata ɗaya ko biyu, shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari wannan ciwo. Ku ƙirga matan da ke zaune a layin rigakafi, ku yi lissafi da kanku.

Ba kasafai za ta ce "ina da damuwa" ba. Abin da muke ji shi ne: "Kaina ke ciwo kullum." "Jikina duk ya mutu." "Ko yaron ya yi barci ni ba na iyawa." Abinci ya fita ranta, hira ta ishe ta, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce. Wata za ta riƙe jaririn tana shayarwa amma ba ta jin komai game da shi, kuma wannan ne ya fi cin ta, don ba ta da wanda za ta faɗa wa.

A nan al'adarmu take rufe ciwon ba da gangan ba. An san yarinya da kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban manya. To in ta yi shiru ta kau da kai, sai a yaba mata kawaici. Mai kunya, in ɗaki ya zama daga ita sai ɗanta, za ta rungume shi ta yi masa wasa. Mai ciwo ko ita kaɗai ce haka take zaune. Iyayenmu mata, ku da kuke kwana da ita ku ne za ku iya gane bambancin.

In kuma ta daure ta yi magana, amsar da take samu ita ce, "Ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba." Wannan magana tana yi mini ciwo. Ba butulci ta yi ba, ba raunin imani ba ne, ba sangarta ba ce. Wahalar naƙuda, rasuwar jariri, auren da ba kwanciyar hankali, rashin abin hannu, gorin haihuwar mace, ko taɓa yin irin ciwon a baya, duk suna ƙara haɗarinsa. Wani lokaci kuma ba ko ɗaya, ya zo ne kawai. A yi addu'a, a yi ruƙiyya in ana so, amma a haɗa da asibiti, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini.

Maganin farko magana ce, amma magana mai tsari. Ma'aikaciyar da aka horar takan zauna da ita lokaci bayan lokaci, su zaƙulo tunanin da ke danne ta, irin su "ba ni da amfani", su auna shi da abin da yake zahiri, sannan su tsara ƙananan abubuwan da za ta koma yi: cin abinci a kan lokaci, fita tsakar gida, wasa da jariri. An gwada wannan hanya a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan ta hannun ma'aikatan lafiya mata na unguwa, ta yi aiki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ita a matsayin jagora a 2015. In ciwon ya yi nauyi akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa waɗanda ba sa hana shayarwa. Sukan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kuma ba a yanke su da ka. Mukan duba jininta ma, don ƙarancin jini kan kawo kasala irin wannan. Wadda ƙafafunta suka kumbura tana haki kuwa, zuciyarta za a auna da gaggawa.

Maigida, naka aikin ba ya ƙarewa da ragon suna. Ka karɓi jaririn ta samu barcin awa 3 ko 4 a jere. Ka tambaye ta, ka saurara, kada ka yi mata wa'azi. Rigakafin mako 6 yana zuwa daidai da gama arba'in; ka raka ta, ku gaya wa ma'aikaciya abin da kuke gani.

Akwai yanayin da ba ya jiran mako 6. Cikin haihuwa 1,000 akan samu mace 1 ko 2 da hankalinta ke gushewa, galibi a makonni biyun farko: ta kwana ba barci, tana surutai, tana jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Haka wadda ta ambaci kashe kanta ko cutar da ɗanta. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta da sunan fitar da iska, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. A kai ta asibiti mafi kusa a ranar, za a tura ta inda ƙwararru suke, kamar Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri. Mafi yawansu suna warkewa su koma su rungumi 'ya'yansu, amma a sanar da ma'aikatan awo in ta sake samun ciki, domin ciwon yana iya dawowa.