Kyamarar DSLR da ƙaramar kyamarar aljihu wajen mai koyon ɗaukar hoto

DSLR kyamara ce ta dijital mai madubi a cikinta. Hasken da ya shigo ta gilashin gaba sai ya daki madubin ya hau sama zuwa 'yar tagar da ake kafa ido, shi ya sa abin da kake gani shi ne ainihin abin da zai fito, kana danna maɓalli kuma madubin ya ɗaga haske ya sauka kan sensa, wato ɗan faifan da ke mayar da haske ya zama hoto. Nikon D1 ta 1999 na cikin na farko da ƙwararru suka runguma, sai Canon EOS 300D ta 2003 ta sauko da ita hannun masu sha'awa kawai.

Ita kuwa ta aljihu, wadda Turawa ke kira point-and-shoot, gilashinta a manne yake ba a cirewa, ita ke auna haske da nisa da kanta, kai dai saita ka danna.

Babban bambancin a sensa yake. Galibin DSLR na masu koyo sensarsu ta kai kusan milimita 23 a faɗi da 15 a tsaye, ta ƙaramar kuwa da kyar take wuce 6 da 4.5, to da rana tsaka ba lallai ka gane bambanci ba, amma da magariba ko cikin ɗaki nan ake yinta, hoton ƙaramar sai ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, kuma ba ta iya dusashe bayan mutum ya fito shi kaɗai rangaɗau. Cikin na aljihun akwai 'yan tsiraru irin Sony RX100 ta 2012 masu sensa babba-babba.

Sai dai fa DSLR akwai nauyi, ga jaka ga gilasai da kowanne sai an saya daban, yawanci da gilashi ɗaya mai ɗan jawo nesa kusa, wanda ake kira 18-55mm, kaɗai take zuwa. Wanda zai bar ta a otomatik har abada gaskiya wahalar da wuyansa kawai yake, amfaninta na ga mai niyyar koyon buɗin gilashi (girman kafar da haske ke shiga) da saurin shota (tsawon lokacin da ake barin hasken ya shiga) da ISO (yadda sensa ke jin haske).

Yanzu ma dai duk biyun kasuwarsu ta ja baya, wayoyin hannu sun cinye ta ƙananan, tun 2018 kuma Canon da Nikon suka karkata ga manyan kyamarori marasa madubi, don haka da yawa masu koyo DSLR ta hannu suke nema.