Sabon rim ba ya shiga inshora da kansa

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu a Jidda da Makka sun ɗauka cewa idan mota tana da inshorar shamil, wato cikakkiyar inshorar da ke biyan har ɓarnar motarka, duk abin da aka ƙara mata ya shiga ciki. Ba haka ba ne. Shamil tana biyan motar ne yadda kamfanin da ya ƙera ta ya fito da ita, a kan kuɗin da aka rubuta a takarda. Rim na alminiyam, sifika ko fitilun da ka saya daga baya, sai ka sanar da kamfanin inshora, an rubuta irinsu da kuɗinsu, sannan a lissafa su. Kuɗin inshorar na iya ɗan ƙaruwa, tunda darajar motar ta hau.

Wanda bai sanar ba, ranar hatsari zai gane. Najm, kamfanin da ke duba hatsarin mota a Saudiyya, ta rubuta rahoto, masu kimanta ɓarna su duba, amma kamfanin inshora na da hujjar ƙin biyan rim ɗin. Wannan asara ce da kiran waya ɗaya zai hana.

Mai inshorar diddal gair kuwa, ɓarnar da ya yi wa wasu kawai ake biya, ta motarsa babu.

Ka ajiye rasit, ka ɗauki hoto, ka nemi amincewar kamfanin inshora a rubuce kafin makanike ya ɗaura.