Waiwaye: Matsatsin da Ke Tsakanin Digirin Digirgir da Kujerar Malanta a Tsangayoyin Injiniyanci na Amurka

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, muhawara kan waɗanda ke koyarwa a jami'o'in ƙasar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ɗalibai hukuncin ya shafa, amma guguwarsa ta kai ga ɗaukar malamai, kuma jihohi irin su Texas da Florida sun kafa dokokin taƙaita shirye-shiryen jawo mata da tsiraru. Masu goyon baya da masu suka duk suna magana kamar jiya aka fara, alhali alƙaluman tsangayoyin injiniyanci sun daɗe a inda suke: mata kusan ɗaya ne cikin biyar na malaman da ke kan kujerar dindindin ko hanyar samunta, baƙaƙen fata kuwa ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, a ƙasar da suke kusan kashi 13 na jama'arta. Haka lamarin yake tun lokacin da shirye-shiryen da ake rigima a kansu ke kan ganiyarsu.

Farkon labarin sananne ne. Dokar Morrill ta 1862 ta kafa kwalejojin noma da kanikanci, ta biyu a 1890 ta ba jihohin kudu damar buɗe wa baƙaƙe nasu daban, inda aka samu makarantu irin su North Carolina A&T. Sai a 1947 Edith Clarke ta zama mace ta farko a Amurka da ta riƙe kujerar farfesa a injiniyancin lantarki, a Jami'ar Texas da ke Austin. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a wurin aiki, a 1972 aka faɗaɗa ta zuwa makarantu, kuma a shekarar aka hana wariyar jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya. Ƙungiyar injiniyoyi mata ta kafu a 1950, ta baƙaƙen injiniyoyi a 1975. Dukkan wannan ƙoƙari ya ginu ne a kan tunani guda, wato idan aka cika azuzuwa da ɗalibai, wata rana za a ga sakamakon a ofisoshin malamai.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne, yayin da ake wannan cikon, hanyar zama malami ita kanta ta sauya. A da, wanda ya kammala digirin digirgir a injiniyanci yakan wuce kai tsaye zuwa koyarwa, ko ya yi wasu shekaru a masana'anta sannan ya dawo. Zaman bincike na wucin gadi bayan digirgir, ƙarƙashin wani farfesa, al'ada ce ta masana kimiyyar halittu da sinadarai da fiziya. Daga shekarun 1990 abubuwa uku suka taru suka shigo da ita gidan injiniyoyi. A farkon 1994 aka daina tilasta wa farfesoshi ritaya a shekara 70, sai kujeru suka rage saurin sakuwa. Tsakanin 1998 da 2003 kuɗin binciken lafiya na tarayya ya ninka, sassan injiniyancin likitanci suka bunƙasa, suka kuma taho da ɗabi'un maƙwabtansu masana halittu. Sannan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta sa jami'o'i da dama suka dakatar da ɗaukar malamai, sababbin daktoci suka fake a ɗakunan gwaje-gwaje suna jiran tsammani. Da kasuwa ta sake buɗewa, masu neman kujera sun zo da tarin maƙalu na shekara biyu ko uku, wanda ya fito daga digirgir kai tsaye ya zama kamar bai shirya ba. Babu wanda ya zauna ya zartar da wannan sharaɗi, shi ya sa ma babu wanda ya tsaya auna wa zai tsallake shi.

A nan ne, a ganina, gizo ke saƙar. Ɗaukar ɗalibi yana bi ta hannun kwamiti, ɗaukar malami ma haka, da tallar gurbi da tantancewa da rubutaccen dalili. Mai binciken bayan digirgir kuwa galibi farfesa guda ne ke zaɓarsa, ya biya shi daga kuɗin tallafin bincikensa, kuma sau da yawa magana ce ta wasiƙa tsakanin abokan sana'a ko haɗuwa a wurin taro. Ba sai an yi mugun nufi ba, mutum yakan ɗauki wanda aka san malaminsa. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna cewa kashi 80 cikin ɗari na malaman da suka yi digirgir a Amurka sun fito ne daga kusan kashi 20 na jami'o'in ƙasar. Ɗalibin da ya taso ta makarantun baƙaƙe, waɗanda ke yaye kaso mai tsoka na baƙaƙen injiniyoyi, yana iya zama gwani amma ba ya cikin wannan da'irar sanayya.

Sai batun aljihu. A 2023 ma'aunin albashin farko na mai binciken bayan digirgir, wanda jami'o'i da yawa ke kwaikwaya, bai kai dala 57,000 a shekara ba, alhali masana'antu na ba mai digirgir a injiniyanci sama da dala 100,000. Juriyar wannan giɓi ta dogara ga abin da mutum ya baro a gida, kuma binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna matsakaiciyar dukiyar iyalin farar fata ta kai dala 285,000, ta iyalin baƙar fata kuwa dala 44,900. Wanda iyaye da ƙanne ke jira, ga bashin karatu a wuya, da wuya ya zaɓi ƙarin shekarun ƙunci a kan kujerar da ba ta da tabbas. Ga mata kuma, zaman yana faɗowa ne a kusa da shekara talatin, lokacin haihuwa da raino, a kan kwantiragin shekara-shekara da ke neman a yi ƙaura daga gari zuwa gari, a wani matsayi da an daɗe ba a fayyace ko na ɗalibi ne ko na ma'aikaci ba, balle a yi maganar hutun haihuwa. 

Wasu sun hango wannan da wuri. Jami'ar North Carolina a 1983 da Jami'ar California a 1984 sun buɗe guraben bayan digirgir da ake nema a bainar jama'a, kuma daga 2003 Jami'ar California ta riƙa tallafa wa duk sashen da ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka samu guraben malanta. Sai dai guraben 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da dubban da farfesoshi ke cikewa da kansu. Nazarin mujallar Nature ɗin nan ya kuma gano cewa ƙaruwar mata daga 2011 zuwa 2020 ta samu ne akasari saboda tsofaffin malamai maza suna ritaya, rabonsu a cikin sababbin ɗauka bai motsa sosai ba. Rahoton cibiyoyin kimiyya na ƙasar na 2014 ya koka cewa ko yawan masu wannan zaman bincike ba a san shi daidai ba, domin kowace jami'a da sunan da take kiran su da shi.