Ƙarfen tutiya mai narkewa a jiki: yadda yake tsatsa da yadda jiki ke karɓarsa

Ƙarfen tutiya mai narkewa shi ne wanda likitoci ke son su riƙa sawa a jikin mutum, ko ƙusa da faranti na ɗaure karaya, ko ƴar ragar nan da ake zurawa cikin jijiyar zuciya idan ta toshe, ya yi aikinsa, sannan a hankali ya ci kansa ya ɓace ba sai an sake yanka mutum ba. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan acaɓa da aka sa wa ƙarfe a ƙafa a Bauchi ko Gombe ya san wahalar tiyata ta biyu, ga kuɗi ga tsoro, wasu ma shi ya sa suke gudu wajen masu ɗori tun farko.

Tutiya, da turawa ke ce wa zinki, ita ce ake shafa wa kwanon rufi don kar ya yi tsatsa, kuma ita ce dai ƙwayar nan da ake haɗa wa yaro mai gudawa da ruwan gishiri da suga, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. Jikin babba yana ɗauke da giram 2 zuwa 3 nata, namiji na buƙatar miligiram 11 a rana mace 8, sinadaran aiki fiye da 300 a jiki ba sa tafiya sai da ita. Wato ba baƙuwa ba ce.

Maganar tsatsa ita ce gaba ɗayan zancen. Ƙarafa uku aka fi gwadawa. Maginiziyom yana narkewa da sauri, wani lokaci kafin ƙashi ya haɗe, kuma yana fitar da iskar haidurojin da ke taruwa kamar kumfa a cikin nama. Baƙin ƙarfe kuma ya cika jinkiri, tsatsarsa ta zauna ta ƙi tafiya. Tutiya tana tsakiya, kuma da iskar oksijin take cinyewa, don haka ba ta tara wannan kumfar. A 2013 masu bincike Bowen da Drelich da Goldman na jami'ar fasaha ta Mishigan a Amurka suka dasa siririyar wayar tutiya a babbar jijiyar ɓeraye, suka ga tana cinyewa da ƴan gomomin maikuromita a shekara, abin da bai wuce kaurin gashin kai ba. Saman wayar yakan yi wani ɓawo fari-fari na oksayid da kabonet da fosfet, shi ke rage gudun tsatsar.

Wajen jituwa da jiki akwai abin da ni yake ɗaure min kai: a kwanon gwaji idan tutiya ta yi yawa tana kashe ƙwayoyin halitta, amma a jikin dabba mai rai jini na kwashe ta yana gaba da ita, sai a ga kumburi kaɗan ne, nama ya rufe lafiya. Tana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Sai dai in ta wuce kima tana hana jiki shan sinadarin tagulla da yake buƙata daga abinci, shi ya sa aka tsayar da iyakar miligiram 40 a rana ga babba.

Inda ta gaza shi ne ƙarfi. Zallarta tana da laushi, wuta na narkar da ita a zafin digiri 420 kacal, kuma ko a ɗumin jiki idan aka ɗora mata nauyi takan riƙa miƙewa sannu a hankali, wannan kuwa ba ƙaramar matsala ba ce ga ƙashin cinya. Don haka ake gauraya ta da ɗan maginiziyom, ko litiyom, ko tagulla, ko azurfa. Ƙusoshin maginiziyom sun samu izinin shiga asibitocin Turai tun 2013, ragar zuciyarsa a 2016, ita tutiya yawancin aikinta har yanzu a ɗakin bincike da jikin dabbobi yake.